Guzurin Bahar Maliya

Shekarar da aka kawo babban ɗana daga Kalgo kwance a bayan mota, gero bai ko fitar da kai ba. Malamin makaranta ne a can. Ciwon hanta ya kumbura masa ciki, idanunsa suka koma ruwan ɗorawa, abinci ya fita ransa. A asibiti aka ce mu dawo da shi gida, a samu ya riƙa cin wani abu ko yaya ne. To, ɗan fari ne. Ban taɓa zama gabansa na ce masa ci ba, haka aka raine mu a Gwandu. Matarsa ke shiga da kwano, ta fito da shi yadda ya shiga, ni ina tsakar gida ina bin kwanon da ido.

Zance guda ke buɗe masa baki. Lokacin da yake karatu a Sudan an taɓa kai su wani gari a bakin Bahar Maliya. Ya shiga jirgin ruwa mai gindin gilashi, ya ga murjani ya tsiro a ƙarƙashin ruwa kamar gona, kifaye masu launi suna kiwo a ciki. Kullum cewa yake in ya tashi zai koma da matarsa, su kama ɗaki mai kallon teku, su miƙe ƙafa a yashi, su huta. Da can in ya ɗauko wannan zance, tashi nake. Mutum da lafiyarsa ya ƙetare ƙasashe don ya kwanta?

Wata hantsi na ji shi ta taga yana maimaita mata. Na ɗaga murya, na ce da ita, "Ke, tafiyar ga taku, wa zai yi muku guzuri?"

Ya yi 'yar dariya. "Gaya wa Inna otal za mu sauka. Can ana dafawa."

"Gaya mishi ban san hannun mai dafawar ba. Ba a barin gidan ga babu guzuri."

Na daka dakuwa, na ba ta. "Kai mishi shi ɗanɗana, kada ku kai can ku zage ni." Ya ci rabin curi, ya aiko cewa sukari ya yi kaɗan. Tun daga ranar na shiga ɓata girkina da gangan. Dambun nama na rage masa gishiri, gumba na cika mata citta, don dai gobe a sake kai masa ya duba ko an gyara. Ina aika tambaya kuma: damshin teku ba ya lalata ƙuli-ƙuli? Sai ya jingina da bango ya yi bayani, wane wata ne ba zafi, da yadda ake shiga jirgin da sassafe kafin ruwa ya motsa.

"Da Inna za mu," in ji shi.

"Ni in zauna in zura wa kifi ido ban kama shi ba? Ku dai ku je."

Ƙunshin guzuri ya yi ta taruwa a ɗakina, abin da yake ci yana raguwa. Daga curi aka koma loma, daga loma aka koma lasa. Ranar da na dama kunun tsamiya, matar ta fito da kofin a cike, tana goge ido da gefen zane. Na karɓa, na shiga ɗakin da kaina, na zauna bakin gado.

"An ce wanga kunu ba ya jure tafiya. Kurɓa ka gaya min."

Ya daɗe yana kallona. "Wanga ya yi, Inna, ba sai na ɗanɗana ba. A ɗaure min shi, can zan sha."

Na kai ludayi bakinsa, na riƙe shi nan. Bai buɗe ba.

Na fito, na juye kunun a gora, na toshe bakinta, na ajiye cikin sauran kayan. Sannan na koma murhu na gyara itace, ina laluben abin da ban riga na girka ba.