Azumin Tsoho a Gadon Asibiti

Ina aikin nas a wani asibitin gwamnati a Tarauni, bayan sojoji sun koma bariki, aka ce babu kuɗi, an daina ciyar da marasa lafiya. Masu dangi a unguwar Gyaɗi-Gyaɗi ana kawo musu kulolin abinci, har da farfesu. Wani tsoho lebura kuwa, baƙo daga ƙauye, da an buɗe kula sai ya juya fuskarsa bango.

Rana ta uku na ce, “Baba, ina abincinka?”

Ya ce, “Azumi nake, ’yata.”

Wane azumi? Kwana uku da rana tsaka ina ba shi magani yana haɗiya da ruwa, ina ce masa, “Bayan cin abinci ake sha, Baba.”