Hanyar da Aka Bari a Kan Rufi

Da hantsi na fara ganinsa, ta tagar kicin ɗina a Woodbridge: rufin gidan da ke kallon namu ya koma baƙi sul, yana ƙyalli kamar gashin amarya an shafa masa mai. Ba farantan sola aka ɗora ba, rufin ne kansa yake shan rana yana ba da wuta.

Mai gidan mutumin Maraɗi ne, mai gyaran wutar lantarki. Shekara shida yana jiran takardun bizar matarsa su fito, ta biyo shi nan ƙasar waje. Ni kuwa da na girma ina ɓoye littattafan soyayya cikin jakar makaranta, nan take na mayar da shi jarumin labari. Namijin da ya tara wa matarsa rana a kan rufi!

Abu ɗaya ya ɓata mini hoton. Daga ƙasa har ƙololuwa an bar wani zirin fili mai faɗin tabarma, da tsohon rufin toka-toka.

"Malam, wannan giɓin fa? Kamar an cire wa gidan haƙori," na ce.

Ya yi dariya. "Hajiya, doka ce. Hanyar pompiye ce, 'yan kwana-kwana. In gobara ta tashi, nan za su taka su huda rufi hayaƙi ya fita."

"Haka amarya za ta zo ta ga gida da wawulo?"

Bayan mai duba gini ya zo ya sa hannu ya tafi, sai na gan shi a sama Asabar biyu a jere, shi kaɗai, yana rufe zirin. Da ya gama na kai masa kunun gyaɗa, na yaba.

Gobarar ta tashi da azahar, saura mako uku matar ta iso. Daga kicin ta fara. 'Yan kwana-kwana sun zo da wuri, suka jingina tsani, shugabansu ya hau ya leƙa, ya sauko yana girgiza kai. Babu wurin taka ƙafa, santsi ne ko'ina, kuma muddin rana na dukan rufin akwai lantarki a jikinsa. Ba su huda ba. Hayaƙin ya rasa mafita, ya cika benen.

Shi kuma yana can ciki, a saman benen. Ya koma ne ya ɗauko akwatunan da ya jera mata. Ta taga suka fito da shi, bakinsa baƙi ƙirin.

Ban taɓa gaya wa kowa maganar haƙorin ba. Shi ma bai faɗa ba.

Bara na je gaisuwar mutuwa a Landover, aka nuna mini ƙofar inda maƙwabcin nawa da matarsa suka koma, a hawa na ƙasa, don ba ya iya hawa bene. Matar ce ta buɗe, da kayan aikin jinya a jikinta, za ta fita. Yana zaune a kujera, robar iska a hancinsa, tulun iskar a gefen ƙafarsa. Ya gane ni. Kafin ya kai ƙarshen amsa sallamata sai da ya huta sau biyu.