Audugar Kujerar Direba

A shekarun da aka haɗa mu da Maiduguri a jiha ɗaya, an kwashi ma'aikata da yawa daga Yola zuwa can, kuma duk wanda ya ɗan samu sai ya sayi mota. Hanya ba kyau, ga gudu. Ni lokacin ina da fili a Jimeta, ina sayen motocin da suka yi hatsari, in gyara in sayar. Inji nake dubawa da ƙarfen ƙasa, ba na tambayar mota labarinta.

Wata baƙar mota salun ta shigo hannuna ta wajen ɗan kamasho. Ta wani akawu ce ɗan unguwar Makama ta Yola, yana dawowa gida hutu ya daki kwalbati, ya cika a kan sitiyari. Gaban ya lotse amma injin lafiya lau. Kujerar direba kuwa ba ta kalluwa. Na kira telan da ke mini ɗinkin kujeru, wani mutumin unguwar Luggere mai yawan surutu da hannu mai kyau. Ya kwance cikin motar kaf, ya ɗaure sifirin, ya ja sabuwar leda ja, ya sake rufin sama. Ba ta daɗe ba wani ɗan kwangila ya ɗauke ta.

Bayan damina wani tsoho ya shigo filina, farin rawani, takalmi duk ya suɗe. Yaran gareji suka ce Modibbo ne, babban malami, uban mamacin. Na sa a shimfiɗa tabarma, bai zauna ba.

"Ɗana, kai ka sayi motar yarona?"

"Ni ne, Baffa. Allah ya jiƙansa. Amma motar ta tafi."

"Ba mota nake nema ba."

Ya ce ranar da aka jawo motar ƙofar gida, uwar yaron ta leƙa ta ga kujerar. Tun daga nan abinci ya daina shiga mata. Cewa take an binne shi an bar jininsa a waje. "Na karanta mata abin da na sani, na ce babu laifi a kanmu. Ba ta ji. Ina son abin da ke cikin kujerar nan in kai maƙabarta."

Muka tafi Luggere. Na san yadda aikin yake tun kafin mu isa. Tsohuwar fata ana ƙonawa, amma audugar rimin da ke ciki ba a zubarwa. A wanke, a shanya, a buge da sanda, a zuba cikin tarin da ke kusurwar shago, gobe ta shiga kujerar wani.

Tela ya ja ni bayan shago. "Alhaji, ga auduga nan jibge, ga kwatar mahauta nan kusa. Jinin akuya kaɗan, mu shanya kwana biyu. Wa zai gane? Tsohuwa ta samu barci, kai ka huta."

Na auna maganar, don ba ta wauta ba ce. Amma abin da tela ya sani, Luggere ta sani kafin la'asar, kuma rabin masu sayen motata 'yan Yola ne. Na ce ya dai tuna inda audugar ta shiga.

Ya tuna. Aiki biyu ya yi daga tarin a makon: kujerar baya ta wata tasi mai jigila tsakanin Yola da Jimeta, da kujerar wata babbar mota da aka tsallaka da ita Garwa ta Kamaru aka sayar.

Mai tasin Kirista ne, mutumin Numan. Muka same shi a tasha yana lodi. Da na ce ina son kujerarsa sai ya yi dariya.

"Oga, kujeran nan shi ne yake kawo mini fasinja. Mata suna rigima a kanshi. Ka ɗauki taya, ka bar mini kujera."

Na faɗa masa dalili. Ya dubi tsohon da ke tsaye a rana, ya cire hula, ya ce wa fasinjoji su sauka su shiga tasin da ke bayansa a layi.

Tela ya farke ɗinkin da ya yi da hannunsa. Audugar ta fito ruwan toka, duk kala ɗaya, ba tabo ko kaɗan. Modibbo ya durƙusa ya sa hannu yana juyawa, yana kaiwa kusa da ido.

"Wanne ne nasa?"

"Ya gauraye, Baffa," na ce.

Ya zaro farin ƙyalle daga aljihu, wanda bai fi faɗin tafin hannu biyu ba. Iya abin da ya zata zai samu ke nan. Na aika kasuwa aka yanko yadi, muka tattara duka har da wadda ta maƙale a sifirin, muka ɗaure.

Ni na kai shi Yola, ƙullin yana kan cinyarsa. Na ce zan iya aika saƙo Garwa, ko Allah zai sa a dace. Ya ce in bari, babbar mota ba ta da gida. Da muka shiga Makama sai ya juyo gare ni.

"Uwar yaron za ta tambaye ka. Ni ta san fuskata, kai ba ta sani ba. Ka ce mata duka ne."

Muka tsaya a zaure. Wani ƙanen Modibbo yana jira da fartanya. Daga bayan labule wata murya ta fito, siririya, da Fulatanci, sannan ta maimaita da Hausa don in ji.

"Kai ne mai motoci? Duka ne? Ba a bar komai ba?"

"Duka ne, Dada."

Ta ce a miƙo mata tukuna kafin a fita da shi. Modibbo ya tura ƙullin ta ƙasan labule, muka zauna muna jira.