Me Ya Sa Kika Ja Wannan Layin?

Mahaifina ya yi shekara talatin da wani abu yana koyar da lissafi a sakandare a Minna, kuma shi ke shirya yara idan za su gasar lissafi. Yana da wata ɗabi'a mai ƙona rai: ba ya faɗin amsa. Ko birgima za ka yi a ƙasa ba zai faɗa ba. Zai ba ka tambaya, ka je ka yi ta fama, ka kawo masa, ya bi da jan biro har inda ka fara ɓata, ya sa ɗigo, ya ce, "Koma." In ma ka yi daidai ba ka tsira ba, sai ya ɗora yatsa a kan layi ɗaya ya ce ka faɗi dalilin da ya sa ka yi haka.

Ina ajin ƙarshe a sakandare ya ba ni wata tambaya da ya ƙirƙira da kansa, ta alwatika a cikin da'ira, ana so a nuna cewa wasu layuka uku suna haɗuwa a wuri ɗaya. Ya ce tawa ce, bai ba kowa ba. Na kai masa ya fi sau ashirin. Na gama jami'a a Bosso, na yi aure, na haihu, ɗigon jan biron nan yana nan yana bina. Sai in ajiye ta shekara guda, muna tsakiyar cin tuwo ya ce, "Uwata, ina tambayata?" Uwata yake ce mini don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Wallahi haushi yake ba ni. Amma babu abin da nake so a duniya kamar in ga alamarsa ta daidai a kan takardar nan.

Shekara biyu da suka wuce na samu aiki ta intanet da wani kamfani na waje. Tambayoyin gasar lissafi suke tarawa, wasu su koyar da injinsu na kwamfuta da su, wasu su ɓoye don jarraba shi, su ga ko tunani yake yi ko hadda ce kawai. Aikinmu shi ne mu rubuta sababbin tambayoyin da ba su taɓa hawa intanet ba, mu ba injin, mu bi aikinsa layi-layi mu nuna inda ya fara ɓata. Da na yi wa Baba bayani ya yi dariya har da tari, ya ce ashe na gaji jan biro, sai dai ɗalibin nawa ba ya jin kunya.

A shekarar ne hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Magana ta dawo da nauyi, amma kansa garau. Likita ya ja mu gefe ya ce zuciyar ma ta yi rauni, mu dage da addu'a. Tsoro ya kama ni kada ya tafi ban kai masa amsar ba.

Wata Laraba da hantsi ina zaune a shagon ƙawata a Bosso, don a can ake samun wuta, na buga tambayar Baba na ba injin. Na ce wa kaina gwajin aiki ne. Ƙarya nake yi, kuma na san ƙarya nake yi. Kafin in shanye ruwan ledar da ke hannuna ya zubo amsa. Wani layi ya ja daga tsakiyar da'irar zuwa waje, wanda ko a mafarki bai taɓa zo mini ba, daga nan komai ya warware. Na duba, babu kuskure. Na kwafe da hannuna, har da soke wuri biyu don ya yi kama da aikin mutum.

Da la'asar na hau keke napep zuwa gidanmu a Limawa. Na same shi a baranda, Mama ta jingina shi da filo. Na ce, "Baba, ga tambayarka."

Ya daɗe yana karantawa, biron a hannun hagu. Ya kai ƙarshe bai sa ɗigo ba. Ya ja alamar daidai, karkatacciya, ya ɗaga murya iya ƙarfinsa ya kira Mama, "Zo ki ga. Ta yi." Hawaye na bin gefen fuskarsa da ya shanye. Ban taɓa ganin kukan Baba ba sai ranar.

Sai ya ɗora yatsa a kan layin. "Uwata, me ya sa kika ja wannan?"

Na ce, "Don kusurwoyin nan biyu su zo daidai, Baba."

"Wannan bayan kin ja ne. Me kika gani kafin ki ja?"

Na san layin daidai ne, amma ban san ta inda mutum zai hango shi ba. Ya dube ni, ya dubi jakar kwamfutar da ke gefena, ya sake dubana. Bai soke alamar ba. Ya ninke takardar da hannu ɗaya ya miƙo mini, ya ce, "Ba komai. Kin gaji." Ya ce da Mama ta taimaka masa ya shiga ciki.

Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi. Na yi ta jira ya ce in koma, bai ce ba. Na ci gaba da zuwa kullum, muna hirar jikoki da tsadar shinkafa, bai sake ambaton tambayar ba, ni kuma kunya ta hana ni tayar da zancen. Bayan wata biyu Allah ya karɓi abinsa.

Na daina buɗe takardar, amma kaina bai daina ba. Can cikin damina, ina cikin keke zan tafi kasuwa, ba na ma tunanin komai, sai kawai na ga abin. Na ga dalilin layin, na ga kuma me ya sa dole nan zai bi, abu mai sauƙi har ya ba ni haushi. Na ce wa mai keken ya juya Limawa, maza. Mun kusa kwanar gidanmu kafin in tuna Baba ba ya nan.

Mai keken ya rage gudu ya ce, "Madam, a ina za ki sauka?"

Na ce ya wuce kawai.