Ƙafar da Na Auna a Kan Babur

Matso kusa, ɗana, ka ji abin da ke hana ni sakewa duk sanda na ji ƙarar babur.

Ni mai faci ne a bakin titin Sheme. Karatuna bai wuce na allo ba, sai ɗan firamare da ban ƙarasa ba. Ban san yawo ba. Daga rumfata sai gida, in ci tuwon Hanne, matata, in zauna a zaure ina surutu da maƙwabta. Ba wanda zai ce zan taɓa kwana a gidan yari.

Abin ya faro ne daga wani mai shagon kwamfuta a Kankara da ya tsaya in yi mashi faci. Ya dubi yaran da ke kewaye da baburan 'yan acaba, ya ce, "Malam, waɗannan ai duk lasisi suke so. Hukuma ba ta ba wanda bai kai sha takwas ba, inshora kuma sai an sha wahala. Kai ka kawo hoto da suna, ni in buga." Na ce ina tsoro. Ya yi dariya ya ce taimako ne.

Na fara da mutum ɗaya, babba ne ma, mai gemu. Ya wuce shingen jami'ai lafiya lau. Daga nan sai yara suka fara zuwa, daga Faskari, daga Damari, har daga Sabuwa. Gonakin nesa sun gagari mutane saboda 'yan bindiga, kowane uba yana son ɗansa ya kama acaba.

A wajenmu ba kowa ke da takardar haihuwa ba, sai na ƙirƙiro awona. In ɗora yaro a kan babur, in ƙafarsa ta taɓa ƙasa, in ce ya kai sha takwas. Da wannan nake rarrashin zuciyata.

Wata rana maƙwabcina Malam Isuhu ya zo da ɗansa Lawwali. Ya sayar da masararsa ya sai babur. Ni na yi wa yaron nan huɗuba ranar da aka haife shi, na san bana ne ya fara kai azumi har ƙarshe. Na ɗora shi. Yatsun ƙafarsa na lilo a iska.

"Malam Isuhu, a bari sai baɗi," na ce.

"Mi za mu ci kafin baɗin?" in ji shi.

Lawwali ya miƙe wuya ya ce, "Baba, wallahi na iya! Na fi abokaina su Sale gudu."

Sai na ɗauko wuƙar faci, na buɗe kujerar, na fere soson har ya yi ƙasa. Ya hau, ƙafa ta taɓa. Muka yi dariya mu duka, na kai hotonsa aka buga mashi lasisi da inshora. Hanne kaɗai ce ba ta yi ba da na ba ta labari. Ta ce, "Soso ka rage, ba shekaru ka ƙara mashi ba."

Da damina, ranar kasuwa, Lawwali ya ɗauko wata dattijuwa da buhun taki zai kai ta hanyar Sabuwa. A wani rami mai laka babur ya karkace. Ya sa ƙafa zai tokare, kamar yadda manya ke yi. Ƙafar yaro ba ta ɗaukar wannan nauyi. Babur da buhu suka danne ta, dattijuwar kuma ta karye a ƙugu.

Malam Isuhu ya ɗauki takardar inshorar nan, ya naɗe ta a leda don kada ta jiƙe, ya tafi ofishin kamfanin inshorar yana sa ran za su ɗauki jinyar matar. Aka duba aka ce mashi jabu ce. Da aka tambaye shi wa ya ba shi, bai yi ƙarya ba. Mai kwamfuta ya rufe shago ya ɓace. Ni aka kama a rumfata, da taya a hannu.

A gidan yari ba yunwa ce ta fi damuna ba. Tunanin sauran yaran ne. Duk baƙon da aka kawo daga wajenmu sai in matsa in tambaye shi, "An yi hatsarin babur kwanan nan? Ɗan waye?"

Da aka sake ni, kafin in shiga gidana na yi sallama a ƙofar Malam Isuhu. Lawwali ne ya fito, da sanda a hammata, ƙafar wandonsa ɗaya a naɗe, ba ƙafa a ciki. Na durƙusa a gabansa. Ya ce, "Tashi, Baba, na yafe. Amma ita ce fa wadda ka auna."

Na tuba ga Allah, na koma facina. Yaran da na tuna na bi su gida gida na roƙe su su yaga takardun. Wasu sun yaga, wasu sun ce sun biya kuɗinsu. Da yawa ban ma san garinsu ba. Suna nan a kan hanya yanzu haka, ɗauke da matan mutane.

Yarana, ku jira shekarunku su cika. Ku je ofis da ƙafarku ku yi lasisi na gaskiya, ko da zai ɗauki lokaci. Iyaye, kada yunwar bana ta sa ku miƙa wa yaro makulli.

Kai kuma da ke shirin tada babur gobe da safe, takardar da ke aljihunka, wa ya yi maka ita?