Kifin da Ya Jira Shekara Uku

A Abaji aka kai ni gidan miji, wani gida a bakin hanyar Lokoja. Maigidana kuku ne a wurin wani Bature mai aikin hanya, kuma da Baturen zai koma ƙasarsu bai bar masa komai ba sai mabuɗin gwangwani. Ƙarfe ne mai ƙafa biyu kamar almakashi, da ɗan faifai mai haƙora, da kunne a gefe. Hannu ɗaya ya matse ƙafafun a bakin gwangwani, ɗayan ya murza kunnen, sai murfi ya tashi sumul. Mu da wuƙa da dutse muka saba, kowace mace a unguwar tana da tabonta a babban yatsa.

Bawan Allahn nan ya ɗauki ƙarfen kamar shi ya haife shi. In maƙwabciya ta aiko da gwangwanin tumatir, sai ya wanke hannu, ya gyara zama, ya buɗe a hankali. Haushi yake ba ni. Na taɓa ce masa da ni yake lallaɓawa haka, da tuni na yi ƙiba.

Da yaƙin basasa ya ɓarke ya shiga soja. Ranar tafiyarsa ya sayo gwangwanin kifi a kanti, ya ɗora a kan jeren kwanonina, ya rataye mabuɗin a ƙusa.

"Ku ajiye min," ya ce da ni da mahaifiyarsa, wadda muke kira Inna. "Ran da na dawo ni zan buɗe da hannuna, mu ci mu uku."

Kowace Juma'a sai in sauko da mabuɗin, in shafa masa man gyaɗa, in murza kunnen sau bakwai don kada tsatsa ta kama shi. In rana ta take, gari ya yi tsit, nakan kwanta a tabarma ina kallon kifin da aka zana a takardar gwangwanin. Motocin soja na wucewa kudu, ƙasa na ɗan rawa, kwanoni na kaɗawa. Sai in ga kamar kifin ya motsa jela, ya fita daga takardar, ya bi rafi har inda manyan kogunan nan biyu suka haɗu a Lokoja, yana leƙa kowane kwalekwale yana neman mutumina. Bayan shekara ɗaya wasiƙa ta daina zuwa. Na ji tsoro ƙwarai, ban kuma gaya wa kowa ba.

A shekara ta biyu gwangwanin ya fara kumbura, sama da ƙasa. Inna ta juya shi a hannu, ta shafa.

"Albarka ce," ta ce. "Abin da aka ajiye da niyya ƙaruwa yake yi. Muddin kifin nan na ƙiba, ɗana yana raye."

Wata maƙwabciyarmu 'yar Bassa ta leƙo ta ce, "Kifin naku ta yi ciki, Inna." Muka yi dariya, amma ni na yarda da maganar tsohuwa har cikin raina. Kullum da safe sai na taɓa murfin kafin in hura wuta.

Wani hantsi, bayan yaƙi ya ƙare, mota ta tsaya a ƙofar gidanmu. Ya sauko a rame, hannun rigarsa na hagu a naɗe daga gwiwar hannu, an kama shi da fil. Aka yi kuka, aka yi godiya ga Allah, ba wanda ya ambaci hannun. Da jama'a suka watse Inna ta ɗauko gwangwanin ta ajiye a gabansa tana murmushi.

"Duba yadda ya ƙoshi yana jiranka."

Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ce in miƙo mabuɗi. Ya kafa shi a bakin gwangwanin, ya matse, amma da ya saki don ya murza kunnen sai ƙarfen ya faɗi. Ya danne gwangwanin da gwiwa, ya sulluɓe ya gangara gindin randa. Na ɗauko masa. Ya sake gwadawa, gumi na tsatso masa a goshi.

Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa zama kusa da shi a gaban Inna ba. Ranar na ajiye kunya, na durƙusa a hagunsa, na matse ƙafafun da hannuna biyu. Ya murza. Haƙoran suka kama nan take, kamar jiya aka rataye mabuɗin.

Gwangwanin ya yi tsaki, wani wari ya taso wanda ya kori har kajin tsakar gida. Inna ta toshe hanci da bakin mayafi.

"Tun da ta ajiye na san ya ruɓe," ya ce da ni ƙasa-ƙasa. "Kuku ne ni fa."

"To me ya sa kake wahalar da kanka?"

"Na ce zan buɗe. Riƙe da kyau."

Ya ci gaba da murzawa a hankali, yadda ya saba. Idona na ruwa, ban sani ba ko warin ne. Ban saki ba sai da murfin ya zagayo ya tashi.