Nauyin Baki a Rumfar Mahauta

Da sunan Allah nake fara wannan tuni, Shi da yake kwance harshe in Ya so.

Ni mai i'ina ne tun ina ƙarami. In ka ba ni alƙalami da tawada zan cika maka takarda da ajami hannuna bai yi gardama ba, amma in ka tsayar da ni gaban jama'a, sai harafin farko ya maƙale mini a wuya kamar ƙayar kifi. Da wannan nauyin baki na zo Sabo, unguwar Hausawa a Ibadan, ina saurayi, na zauna a hannun wani maigida mai saukar da fataken shanu. Aikina in rubuta masa saƙo zuwa Arewa, in karanta masa wanda ya zo. Aikin ya dace da ni, don takarda ba ta yi wa mutum dariya.

Masu sayen shanun baƙinmu mahauta ne Yarbawa, mutane masu son biki. Suna ne, aure ne, ko tsoho ne ya cika, sai a kafa rumfa a tsakiyar titi a aiko mana. Da yawansu musulmi ne, amma ba a rasa giya da bammi a rumfar. Mutanenmu sukan je, a kawo musu kwalba a buɗe, kunya ta hana su cewa a'a. Sai su zauna suna kallonta har kumfar ta mutu, su tashi su bar ta cike. Mu a ganinmu kara muka yi. Ni kuwa nakan laɓe a bayan dillalai, in rasa inda zan sa hannuna, don kowa a rumfar da abin da yake riƙe da shi, kowa kuma bakinsa a sake.

Shekarar da aka fara yaƙin basasa Sabo ta yi sanyi. Wasu sun kwashe iyali sun hau jirgi sun koma gida, waɗanda suka rage ba su cika fita unguwa ba, kullum ana kewaye da rediyo. Ana cikin haka aka yi wa babban mahaucin, dattijon da kowa ke ce wa Baba, jika. Ya aiko a zo suna. Maigida yana kwance da ciwon ƙafa, dillalai sun tafi taryen shanu. Sai ya sa aka kira ni.

Ya ce, "Kai za ka je. Kuma ba zama kawai za ka yi ba, in an zo gaishe-gaishe ka tashi ka yi magana da yawuna. Ana ta faɗa a gari wai Hausawa sun ɗaure kaya. In ba a ji muryarmu a rumfar nan ba, za su gaskata."

Na ce, "Maigida, ka san ba-ba-bakina."

"Na sani. Wanda Ya yi bakin ai Yana nan."

Ya ba ni farin goro a ƙunshe cikin ganye, ya haɗa ni da wani direban motar goro don ya yi mini tafinta. Mutumin kirki ne, mai barkwanci, yana jin Yarbanci kamar a nan aka yanke masa cibiya. Sai dai ƙafarsa ta san hanyar gidajen giya na unguwar Mokola.

Muka fita bayan azahar. A hanya ya ce, "Malam, yau fa ka shiga uku. Ka san dalilin da suke buɗe kwalba a gabanka? Don ka gani da idonka ba a sa maka kome ba. Wanda ya bar ta buɗe bai taɓa ba, cewa ya yi bai amince da mai gida ba. Ku kuna can kuna kara, su suna ƙulle da ku. Yau da kake wakilin maigida, in an buɗe sai ka sha."

Ban taɓa jin haka ba. Na yi tafiya kaɗan ina juya maganar, sannan na ce, "In ba a bu-buɗe ba fa?"

Sai ya yi dariya.

Muka tarar rumfa ta cika, masu kalangu suna ta yi, ana fito da amala, tuwon Yarbawa. Aka zaunar da mu kusa da Baba. Wata dattijuwa ta zo da faranti ta ajiye mini kwalba, ta ɗaga mabuɗi. Sai na ɗora tafin hannuna a kan murfin, na ciro goro guda daga aljihuna na miƙa mata da ɗaya hannun, na ce, "Iya, a kai wa mai sha." Ta dube ni, ta dubi goron, ta ƙyalƙyale da dariya ta faɗi wata magana.

Direba ya ce, "Wai kai ne Bahaushen da bai yi mata asarar kwalba ba."

Ta ɗauke kwalbar, ta dawo da lemo ta buɗe a gabana, na kurɓa tana kallo. Wannan ya wuce lafiya. Saura babbar.

Aka fara gaishe-gaishe. Kowa ya tashi sai ya zuba magana kamar ruwan famfo. Gumi ya jiƙe mini hula. Direba ya lura, ya turo mini kofinsa na giya ta ƙarƙashin tebur.

"Alaramma, kurɓa ɗaya. Wallahi na ga bebe ya yi waƙa da wannan. Zuba a lemonka, wa zai sani?"

Na daɗe ina duban kofin nan. Ba sha'awa ce ta ja ni ba, tsoro ne, tsoron in kunyata mutumin da ya riƙe ni. Amma na tuna da bakin nan na ja wuridina da asuba. Na kuma ga cewa in wannan ne ya buɗe mini baki yau, gobe ma shi zan nema, har ranar da ba zan iya gaida surukina ba sai da shi. Na mayar masa da kofinsa.

Na ce, "Gara su yi da-dariya."

Aka kira wakilin Sabo. Na miƙe, na buɗe baki in ce Baba, sai na tsaya a kan ba. Ba, ba, ba. Mai kalangu, ɗan duniya, ya kwaikwaye ni da gangarsa daidai wa daida. Rumfa ta kaure da dariya. Na so ƙasa ta tsage.

Mai kalangun ya sake bugawa, a hankali wannan karon, sai na ji bugun ya faɗa kan wani kari da na sani, irin wanda muke rera waƙoƙin wa'azi da shi gaban malaminmu. A can ban taɓa i'ina ba, don mai rerawa harshensa ba ya tuntuɓe. Na rufe ido na ja maganata a kan wannan kari, kamar ina karanta baiti. Na ce maigidana yana gaida Baba, ƙafa ce ta hana shi zuwa. Na ce Sabo tana nan, ba mu ɗaure kaya ba, shanu suna hanya. Na ce Allah Ya raya jariri, Ya kashe wutar da ta tashi a ƙasa, Ya mai da 'ya'yan kowa gida. Direba yana juyawa da Yarbanci, na tabbata yana ƙara nasa gishiri. Mai kalangu ya bar tsokana ya bi ni a baya. Da na kai kan 'ya'yan da ke bakin daga, sai na ji amin ta tashi daga ko'ina, har da matan da ke wajen tukwane.

Baba ya taso da kansa ya kama hannuna ya girgiza. Ya kwance ganyen goron maigida ya ce ni zan raba. Haka na zaga rumfar ina miƙa wa kowa, a ranar hannuna ya sami abin yi.

A hanyar komawa direba ya ce, "Ashe kai ma da taka giyar, a ciki kake ɓoye ta." Da maigida ya ji labari ya yi dariya har ya manta ya taka ƙafar mai ciwo.

Daga nan duk bikin mahauta ni ake aikawa. Nakan tarar an ajiye mini lemo da farantin goro, dillalai ma suka koyi ɗora hannu a kan murfi. I'inar ba ta bar ni ba, ga shi har na tsufa da ita. In ta kama ni a tsakiyar magana nakan jira ta, mutane ma su jira, in ta ƙi saki in rera. Alhamdu lillahi.